Ranar da Na Rabar da Kyautar 'Yata

Ni mai koko ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba. Tun kafin in haifi 'yata ta fari nake dama koko ina soya ƙosai a bakin titi, kusa da babbar kwatar nan da ta raba unguwannin Nima da Maamobi, a nan Accra. Duk wanda ya saba wucewa nan da sassafe ya san muryata, don ba na iya magana a hankali, kuma wanda ya tsallake layi sai ya ji ta a kunnensa. Mutane suna cewa ina da faɗa. Ina da shi, ban musa ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa ina da rowa, kuma wannan hannun nawa da ba ya iya riƙe abu shi ne ya kusa raba ni da 'yata.

Ba zan kama sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma kakata da ta zo daga Nijar ita ta rene ni, ta sa mini wannan kunyar a baki har ta zauna. Lokacin da abin ya faru shekararta goma sha biyu. Yarinya ce shiru-shiru, ta ɗauko ubanta, wanda direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda yana hanyar arewa ba mu gan shi ba. Ni ina magana goma kafin ita ta yi ɗaya. Wani lokaci shirun nata haushi yake ba ni, in ce da ita, “Ke wai bakin nan haya kika ba da shi?” Sai ta yi murmushi kawai ta ci gaba da wanke kofuna.

A makarantarsu akwai wata malama, Madam muke ce mata, da take tara yara bayan an tashi tana koya musu wani wasa da ake kira ces. Ni abin da na sani game da wasan allo bai wuce biyu ba: ludo da muke yi muna 'yan mata, da dami da tsofaffi suke bugawa a gindin bishiya suna ta gardama. A dami, in ɗa ɗaya ya ɓace, sai wani ya sunkuya ya tsinci murfin kwalba ya sa, wasa ya ci gaba. Allon shi ne abin, 'ya'yan kuwa ko da me aka samu. Haka na ɗauka kowane wasa yake. Da yarinyar ta ce mini tana son zama wajen Madam, na ce ta zauna, tunda ya fi yawon banza, amma ban taɓa tambayarta yadda ake yin sa ba.

Wata Asabar aka yi gasar yara a can cikin gari. Madam ta kwashi nata a trotro, wato motar haya, suka tafi. Ni ban je ba, don ranar ana suna a layinmu, kuma ni ce a bakin tukunyar shinkafa. Wajen la'asar sai ga yarinyar ta shigo gidan sunan da wani ƙarfe mai ƙyalli rataye a wuya, da akwatin katako rungume a ƙirji. Ta ce, “Mma, ni na zo ta ɗaya a mata.” Hannuna na cikin mai, hayaƙi ya cika mini ido, ana ta kirana daga ciki. Na ce, “Madalla, kai gida ki ɗora kan kabad, kada yara su taɓa.” Abin da na ce ke nan. Na ji daɗi, wallahi na ji, amma mu ba a koya mana yabon ɗan fari a gaban jama'a ba.

Daga baya na ji asalin kyautar. Wata baiwar Allah ce, likita, haihuwar Accra New Town, da ta daɗe tana aiki a ƙasar waje. Ita da wasu ƙawayenta suka lura cewa in an je gasar yara, maza ne cike da ɗaki, mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sai suka ɗauki nauyin kyauta ta musamman ga 'yan mata, kowace shekara. Ba kuɗi suke bayarwa a hannu ba. Suna ba yarinya allo da 'ya'yansa na katako mai kyau don ta samu na koyo a gida, su kuma ɗauki nauyin shigarta babbar gasar da ake yi bayan wata biyu.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha huɗu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Akwai Hausawa, akwai Dagomba, akwai Kotokoli, akwai Zabarmawa, kowa da yarensa a ɗaki, in an fito tsakar gida kuwa Hausa ce take haɗa mu. A irin wannan gida arziki ba ya shigowa ya tsaya a ɗaki ɗaya. Wanda ya dawo daga tafiya sai ya raba tsaraba, ko da albasa ce. Wadda aka yi wa ɗinki sabo sai ta ba da tukwici. Ɗan da ya ci jarrabawa uwarsa sai ta saya wa yaran gida alewa. Ba doka ba ce a rubuce, amma ki gwada ƙin yi ki ga yadda gaisuwa za ta yi sanyi.

Ran Litinin da rana, na dawo daga sana'a, yarinyar tana makaranta wajen Madam, sai matan gida suka fara shigowa yi mini barka da arziki. Labari ya riga ya zagaya. Suka cika ɗaki, yaransu na biye da su. Na duba ba goro, ba alewa, ƙosai ya ƙare tun safe. Sai Hajiya mai gidan, tsohuwar da muke haya a wajenta, ta ce, “To ina abin da aka ciyo? A nuna mana mana.” Na sauko da akwatin na buɗe.

Kai, abin ya yi kyau. 'Yan gumaka ne na katako, farare da baƙaƙe, sumul-sumul, suna ƙamshin sabon fenti. Wasu da kan doki, wasu kamar soro, wasu da 'yar hula. Yara suka yi caa a kaina. Wata 'yar makwabciyata mai shekara bakwai, 'yar mai ɗinki, ta miƙa hannu ta shafa baƙin doki, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa ba na iya ganin idon yaro a kan abu. Na ce, “Ɗauki.”

To, a gidan haya in kin ba yaro ɗaya, kin ba duka. Na dubi akwatin, na ga abubuwa har talatin da biyu, na ce a raina yarinya ɗaya me za ta yi da wannan tulin? Allon dai yana nan, shi ne mai tsada. 'Ya'ya kuwa, ai murfin kwalba ba ya ƙarewa a Nima. Na shiga rabo. Kowane ɗaki biyu, masu yara da yawa uku. Mata suna ta sa albarka, ni kuwa ina ta jin kaina. Akwai wata yarinya 'yar arewa, kayayo, wato masu dakon kaya a kasuwa da babban faranti a ka, da take kwana a zaurenmu ita da 'yan uwanta. Tana tsaye a bakin ƙofa ba ta shigo ba, don ta san ba a sa su a lissafin rabo. Na zaɓi wadda ta fi kowacce kyau, doguwa fara mai rawani kamar fure, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa har ƙasa.

Da 'yata ta dawo, ta ajiye jaka, ta hau kujera ta sauko da akwatin. Ina kallonta ta buɗe. Ta daɗe tana duban cikinsa. Ta ce, “Mma, ina suke?”

Na ce, “Na raba wa yaran gida, sun zo miki barka. Allonki ga shi nan ba wanda ya taɓa. Gobe zan taho miki da murafai, na lemo fari, na malta baƙi.”

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na san abin yi, da na yi faɗa, ta yi fushi, mu shirya kafin tuwo ya nuna. Sai kawai ta rufe akwatin a hankali, ta mayar kan kabad, ta cire ƙarfen nan daga ƙusar da ta rataye shi ta jefa cikin jakar makaranta.

Daga ranar ta ɗauke mini wuta. Tana gaishe ni da safe, don ba ta da rashin kunya. Tana ɗaukar mini kofuna zuwa bakin titi kafin ta wuce makaranta. In na aike ta, ta je. Amma ban da “to” da “a'a” ba abin da yake fita daga bakinta. Ni kuma na hau dokin zuciya, na ce a kan 'yan katako za a yi mini wannan? Ni da nake tashi tun kafin kiran assalatu don ta ci ta sha? Na taho da murafan ma, cike da leda, na ajiye mata. Suka kwana biyar a inda na ajiye su.

Ran kwana na shida Madam ta zo wajen sana'ata. Na zuba mata koko, ta ƙi zama, ta ce magana ce ta kawo ta. Ta ce yarinyar ta daina zuwa, har ma ta nemi a cire sunanta daga babbar gasa. Na ce ai taurin kai ne, na kawo mata madadi ta ƙi. Madam ta tambaye ni wane madadi. Da na faɗa mata, sai ta rufe baki da hannu, ban sani ba dariya take dannewa ko takaici.

Ta ɗauki kofi, da ludayi, da cokali, ta jera su a kan teburina. Ta ce, “Mma, a wannan wasan kowane ɗa da tafiyarsa. Wannan miƙe yake tafiya, wannan a karkace, doki kuwa tsalle yake yi. In duka murfin kwalba ne, yaya za ta san wane ne wane? A makaranta allo biyu gare mu, yara ashirin, kuma ana tashi ake kulle su. Wannan da aka ba ta shi ne karo na farko da za ta zauna ita kaɗai ta jera wasa ta yi tunani.”

Na ce, “To in dai katako ne, a nemo wani.”

Ta ce, “Ba katakon ba ne kaɗai. Na tambaye ta dalili. Ta ce tunda a gidansu abin da ta ciyo kayan wasan yara ne, me za ta je yi a can?”

Wani yana tsaye yana miƙo mini kwano, ban ma gan shi ba. Yarinyar nan da nake yi wa gorin ba ta da baki, ashe abu ɗaya ta samu a duniya da take magana da shi, ni kuma na ɗauka na raba wa yara kamar gyaɗa. Na ji kunya, na ji tsoro kuma, don na san halin ubanta a jikinta: in suka ajiye abu, sun ajiye ke nan.

Gyara ɗaya ne, kuma shi ne abin da ba a yi. A wajenmu ba a karɓe kyauta. Wanda ya ba da abu ya dawo yana nema, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ni da ake kira mai buɗaɗɗen hannu, in bi ɗaki-ɗaki ina cewa a dawo mini da abin da na ba yara a gaban iyayensu? Na kwana biyu ina juya abin. Ran na uku na soya ƙosai fiye da na kullum, na cika faranti, na fara daga ɗakin Hajiya, don in an sha kunyar babba ta sauran mai sauƙi ce.

Hajiya ta saurare ni har na gama. Ta ce, “Ke dai ba kya yin abu kaɗan. In za ki yi kirki ki wuce gona, in za ki yi wauta ma haka.” Ta sa jikokinta suka kawo nasu, sarki baƙi da soro ɗaya. Ta ce in je, in wani ya yi mini magana in ce ita ta aiko ni. Ban yi amfani da sunanta ba, don ba ita ta yi rabon ba.

Na sha kallo ran nan. Wani soja, haka ake kiran ƙananan, a bayan randa aka samo shi. Wani kuma jariri ya mayar da shi abin goga dasashi, har yau shatin haƙora biyu yana kansa. Wani mai hula an yi masa kwalliya da jan farce. Yawancin matan dariya suka yi, suka ci ƙosai, suka ba ni. Amma matar mai gyaran rediyo, wadda dama muna 'yar tsama da ita a kan layin famfo, ta jefo mini nata biyu a faranti ta ce, “Mu dai a danginmu in an bayar an bayar.” Amsarta tana kan harshena, da zafinta, har da ta uwarta. Na haɗiye. Na ce, “Gaskiyarki, na gode.” Duk wadda ta san ni ta san wannan ya fi mini azumi wuya.

Biyu suka gagara. Na farko doguwar farar nan da na ba 'yar kayayo. Ashe ita ce sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi a allon. Yarinyar kuwa ta koma garinsu can arewa aikin damina tun kwana biyu bayan rabon, 'yan uwanta suka ce ta ƙulle ta a bakin zane ta tafi da ita don ta nuna wa ƙannenta. Wannan ko da tana nan ba zan iya buɗe baki in karɓa ba.

Na biyu baƙin dokin nan. Da na shiga ɗakin mai ɗinki, na tarar 'yarta ta goya shi a baya da ƙyallen atamfa. Ta ji abin da ya kawo ni, ta manne da bango ta ce ba za ta bayar ba, nata ne, ni na ba ta. Uwar ta ɗauko silifa. Na riƙe hannunta na ce kada ta taɓa ta, yarinyar ta fi ni gaskiya. Na juya zan fita, sai 'yar ta ce, “Ni zan kai mata da kaina.”

Ta wuce gabana, da goyonta, har ɗakinmu. 'Yata tana zaune a bakin gado tana ninke kaya. Na juye farantin a kan tabarma. Ta dubi tulin, ta dube ni, ta mayar da kai ga ninkinta. Sai ƙaramar ta kwance goyo, ta riƙe dokin gam, ta ce, “Yaya, nawa ne. Amma zan ara miki in kina so.”

'Yata ta ajiye ninkin, ta dube ta. Sannan ta ce, “Kin ma san yadda yake tafiya?”

Kwana tara ban ji jimla cikakkiya daga bakinta ba sai wannan. Ƙaramar ta girgiza kai. 'Yata ta sauko da allon, ta ɗora dokin a tsakiya, ta kama yatsan yarinyar tana nuna mata: gida biyu gaba, ɗaya gefe. Ƙaramar ta gwada ta ɓata, ta sake, ta dace. Sai 'yata ta fara jera sauran, kowa a gidansa, har ta zo wani gurbi kusa da farin sarki, hannunta ya tsaya.

Na ce, “Wannan ba za ta dawo ba. Na ba 'yar zaure, ta tafi da ita garinsu.”

Na buɗe adakata na ɗauko wata 'yar kwalbar turare mai farin murfi, wadda ubanta ya kawo mini tun muna amarci. Turaren ya ƙare da daɗewa, ƙamshin ne bai tafi ba, shi ya sa na kasa yar da ita. Na sa ta a gurbin. Kuma na yi abin da kakata ba ta taɓa yi wa uwata ba, uwata ba ta taɓa yi mini ba. Na ce, “Na yi kuskure. Ban san girman abin da kika ciyo ba, kuma ban tambaya ba. Ki yafe mini.” Muryata da ake ji daga tsallaken titi, ran nan da ƙyar ta fita.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta gyara wa kwalbar zama ta koma tsakiyar gidanta, ta ce da ƙaramar, “Gobe bayan la'asar ki kawo shi.”

Washegari ƙaramar ta zo da dokinta, da wasu biyu a bayanta. Su kuma suka ce ba adalci, don me ita aka bar mata nata su aka karɓe? Kafin a jima ƙofar ɗakinmu ta cika da masu ƙara. Na tashi zan kore su, 'yata ta ce in bari. Ta fitar da tabarma tsakar gida, ta mayar wa kowa abin da na ba shi tun farko, ta kafa sharaɗi: kowa ya riƙe nasa, amma bayan la'asar a kawo, awa ɗaya ta koya musu, sannan su bar mata su har magariba ta yi nata karatun. Mazan lokacin ƙwallonsu ne, sai suka damƙa wa 'yan uwansu mata. Haka tabarmar ta zama ta 'yan mata zalla ba tare da kowa ya shirya hakan ba.

Abin da ya riƙe su kuwa, ba a iya fara wasa sai kowa ya zo. In mai soro ta yi nawa, sai ka ga uku sun tafi ɗakinsu sun tsaya a ƙofa. In uwa ta riƙe 'yarta da wanke-wanke, sai sauran su taru su gama mata don a samu mai hula. Har matar mai gyaran rediyo na ji wata rana tana yi wa 'yarta tsawa ta yi sauri ana jiran sarki. Ni ina gefe ina gyaran wake, ina jin 'yata tana bayani, tana faɗa, tana dariya. Ashe baki gare ta, abin faɗa ne ba ta samu ba a wajena.

Bayan mako guda ta koma wajen Madam da ƙafarta.

Ranar babbar gasa ban dama koko ba. Masu saye suka zo suka tarar da tebur a kife, wasu har gida suka biyo su ji ko lafiya. Na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, muka hau trotro. Wurin babban ɗaki ne, yara sun fi ƙarfin ƙirgata, amma shiru kamar masallaci ana huɗuba. Iyaye a waje aka ajiye mu, muna leƙe ta taga. Sau biyu wani mai tsaron ƙofa yana zuwa yana roƙona in rage murya, alhali addu'a kawai nake yi.

Ba ta zo ta ɗaya ba. Ta ci wasu, an ci ta wasu, ta ƙare a tsakiya. Amma na ga wani saurayi da ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba ya miƙa mata hannu ya tashi yana sosa ƙeya, na kuma ga yadda ta fito tana nemana da ido a cikin iyaye. Da can ba ta nema na, don ta san ba na nan.

A nan na haɗu da likitar. 'Yar tsohuwa ce gajera, da tabarau, Hausarta irin tamu ta Zango, rabi da Turanci. Madam ta riga ta ba ta labarina. Ta riƙe hannuna tana dariya har da hawaye, ta ce su yarinya ɗaya suka nufa, ga shi an ce gida guda ya kamu. Na ce, “Hajiya, kada ki yaba mini, wauta na yi, Allah ne ya rufa asiri.” Ta ce to ita dai tana so ta ga 'yan gidan nan a gasar baɗi.

Da shekara ta zagayo, su biyar suka tafi daga gidanmu, har da mai baƙin doki, wadda aka ce sai da aka ɗora ta a kan jaka kafin ta kai tebur. 'Yata ta sake zuwa ta ɗaya a mata. Wannan karon ina wurin, kuma da aka kira ta na yi guɗa, 'yar fari ko ba 'yar fari ba, kakata ta yi haƙuri.

Muka dawo gida da sabon akwati. Mata suka fito barka, ni kuwa na sayi alewa tun da safe, kuma na ɗaure hannuwana a baya don kowa ya shaida. Hajiya ta ce a riƙe mai koko kada ta matso. Aka yi ta dariya.

'Yata ta zauna a tabarma ta buɗe akwatin a gaban kowa. Ta ɗauko farar sarauniya, sabuwa fil, ta taso ta zo inda nake, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, “Mma, a rabon bara kowa ya samu ban da ke. Ga naki.”

Na ce, “Ke, so kike ki ɓata sabon ma? Mayar.”

Ta ce, “Allon gida ba shi da farar sarauniya. Yanzu yana da ita, kuma a hannunki take. Kin san sharaɗin.”

Na ce, “To naki fa? Kin bar gurbi.”

Ta je wajen tsohon allon ta ɗauko kwalbar turarena, ta goge ta da bakin hijabinta, ta kwantar da ita a cikin sabon akwatin, a ramin da sarauniyar ta fito. Ta ce, “Da wannan na saba.”

Na shige ɗaki na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ba wanda ya hura wuta.

Yanzu bayan la'asar, in na yi nawa wajen jiƙa gero, sai in ji ana buga mini ƙofa, 'yan mata uku a tsaye, wai ana jiran sarauniya. In ɗauko ta daga adaka in fito in zauna a bakin tabarma. Mai baƙin doki ce take koya mini, kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan, ta fi ni faɗa. Har yau ban ci kowa ba a gidan nan. Jiya dai 'yata ta tsaya a bayana tana kallo, na tura soja ɗaya gaba, sai na ji ta ce, “Yauwa, Mma.”